Farin Rufin Gidan Ilyasu

Ni da Wafa'a taubasai ne. Mahaifinta, Kawu Zainul'abidin, shi ne yayan mahaifiyata, kuma gida ɗaya muka tashi a Alsahafa, kudancin Khartum. Kakan iyayenmu ne ya taso daga wajen Haɗeja da niyyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira don ya sami guzuri, daga nan bai ƙara gaba ba. A gidanmu tsofaffi da Hausa suke yi mana magana, mu kuwa mu amsa da Larabci. Wafa'a ta fi kowa wannan hali. Tana jin komai, amma in ta buɗe baki za ta yi Hausa sai kakarmu ta ce ta bari kada ta karya mata harshe.

Kawu yana da shago a Kasuwar Libiya, can yammacin Omdurman, inda yake sayar da fanka da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa. Kullum da sassafe yake ƙetare gada, ba ya dawowa sai magariba. In an yi hutun makaranta Wafa'a yake ɗauka ta zauna masa a shago, don ita ce mai kan lissafi a cikinmu. Ta taɓa gaya mini cewa yawancin masu shigowa ba masu saye ba ne. Mutum zai tsaya gaban fankar da aka kunna, ya tambayi kuɗinta, ya ɗaga wuyan jallabiyarsa iska ta shiga, sannan ya ce zai dawo.

Likita ta so ta zama. Da sakamakon jarrabawa ya fito, makinta bai kai ba, aka tura ta sashen labarin ƙasa a wata jami'a ta cikin Khartum. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Shekarar farko zuwa kawai take yi don kada Kawu ya yi faɗa. A shekara ta biyu ta shiga ajin wani dattijo, Farfesa Almahdi, mai koyar da sauyin yanayi. Wata rana yana bayanin yadda zafin Khartum ke ƙaruwa, sai ta ɗaga hannu ta tambaye shi inda ake auna zafin da ake faɗa a rediyo.

Ya ce, "A filin jirgi. Cikin wani farin akwati mai ƙofofin iska, a inuwa."

Ta ce, "To, ya Farfesa, wa yake zaune a filin jirgi?"

Ajin ya fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba, ya ce ta same shi a ofis bayan darasi. Tun daga ranar ta daina zancen likitanci.

Da ta gama, sashen ya riƙe ta tana taimaka wa malamai, daga baya ta zama malama ita ma. A tsakanin nan ta auri Husam, malamin lissafi a wata sakandare, suka haifi 'ya mace, Rania, suna zaune a ɗakunan bayan gidanmu. Shekarun koyarwarta ba su zo da daɗi ba. Jami'a ta buɗe wata biyu, ta rufe wata huɗu: yau zanga-zanga, gobe annoba, jibi yajin aiki. Ajinta na 'yan shekarar farko ya fi mutum ɗari biyu, in an ɗauke wuta sai ta yi ta ɗaga murya har ta dawo gida ba a jin abin da take faɗa. Duk da haka tana son aikin. Takan nuna musu taswirar yadda damina ke ja da baya zuwa kudu, sai ta ajiye alli ta tambayi 'yan Kordofan da 'yan Darfur abin da iyayensu ke shukawa da, da abin da suke shukawa yanzu. Shekarar da Nilu ya yi babbar ambaliya, ta kwashe su a mota suka je suka ga gidajen da suka narke a bakin kogi, ta sa kowa ya yi magana da mai gida ɗaya kafin ya rubuta ko kalma.

Da lokacin karatun duktura, wato digiri na uku, ya zo, tambayar da ta yi a aji ita ta ɗauko. Tana son ta san zafin da ke cikin ɗakunan talakawa, ɗakunan ƙasa masu rufin kwano. Farfesa Almahdi ya samo mata tallafi daga wata cibiya ta waje, aka sayo ƙananan ma'aunan zafi. Kowanne bai fi kwalin ashana ba, fari ne, da wata 'yar koriyar fitila mai ƙyaftawa. Ana manna shi a jikin azara, ya yi ta ajiye zafin ɗakin a cikinsa, bayan 'yan makonni a zo a kwashe a kwamfuta. Saura gidajen da za a sa.

A nan Hajaratu ta shigo labarin. Mai sayar da shayi ce a gefen shagon Kawu, ta san Wafa'a tun tana 'yar makaranta. Hausawan ƙauye ne daga kudancin Damazin, yaƙi ya taso su shekaru da dama da suka wuce, suka zauna a ƙarshen unguwar Umbadda ta Omdurman, inda famfo bai kai ba. Mijinta, Ilyasu, ruwa yake sayarwa a karo, amalanken jaki mai ɗauke da ganga. Hajaratu ce ta kama hannun Wafa'a ta shiga da ita gida gida. Matan unguwar ba su da Larabci sosai, dole Wafa'a ta tono Hausar da ta binne. Sun yi mata dariya son ransu, kuma dariyar ce ta buɗe mata ƙofofin.

A gidan Hajaratu aka fara. Wafa'a ta hau kujera tana manna ma'aunin, Hajaratu tana riƙe mata ƙafar kujerar.

"Ustaza, abin nan dai ba ya ɗaukar magana ko?"

"Ba ya ji, ba ya gani, Inna. Zafi kaɗai yake aunawa."

Ilyasu yana tsaye a bakin ƙofa da bulalar jaki a hannu. Dogo ne, siriri, ba ya gaggawar magana. Ya ce, "In ya auna, sai ya rage?"

"A'a, Baba. Faɗa kawai yake yi."

"Ashe ni ma na iya aikinsa," in ji shi, ya juya ya tafi wajen jakinsa.

Abin da ma'aunan suka nuna ya tayar mata da hankali. Ranar da rediyo ya ce zafi ya kai arba'in da biyu, ɗakin Hajaratu yakan doshi hamsin. Ko rana ta faɗi bango ba ya hucewa. Ta dinga zuwa tana zama da matan, tana jin wa ya suma a bakin murhu, jaririn wa ya ƙi shan nono, wace tsohuwa ce ta rasu ba ciwon komai. Takan dawo gida, in na tambaye ta sai ta ce abin da ya fi damunta shi ne ta je ta auna ta dawo, su kuma su kwana a ciki.

Shi ya sa ta yi tunanin shafe rufi. Ta karanta cewa farin rufi yana mayar da zafin rana, kuma farar ƙasa, wadda muke cewa jir, ba ta fi ƙarfin talaka ba. Kafin bazarar 2023 ta shigo, ta kai buhu guda gidan Ilyasu. Shi da kansa ya dama, ya hau ya shafe kwanon da tsintsiya, maƙwabta suna ta tsokanarsa wai ya mayar da gidansa ƙubbar waliyyi. A farkon azumi ta je ta kwashi abin da ma'aunin ya tara. Zafin ɗakin ya sauka da kusan digiri biyar. Mutane suka riƙa shigowa suna miƙa hannu suna taɓa kwanon ta ciki. Ranar ta dawo Alsahafa bakinta ya bushe da azumi amma ta kasa yin shiru. Ta ce bayan Salla za a shafe sauran gidajen duka, ɗalibanta za su yi aikin.

A goman ƙarshe na azumin, ranar wata Asabar da safe, tana zaune a tsakar gida tana duba takardun jarrabawa muka fara jin harbi daga kudancin unguwa. Kafin azahar jirage suna shawagi a kanmu. Aka rufe gadoji. Kawu bai sake ganin shagonsa ba.

A makon farko Ilyasu ya kira ta. Ina kusa, na ji.

"Ustaza, lafiya kuke? To, abin nan naki fa, a cire?"

"Ku bar shi, Baba. Faɗan nan ba zai daɗe ba, bayan Salla zan zo."

Haka kowa yake faɗa a lokacin, har manyan da suka fi mu sanin duniya. Kuma watan da ke tafe shi ne mafi zafi a shekara, shi take jira ta ga abin da farin rufin zai yi.

Salla ta wuce, abu sai gaba yake yi. Ruwa ya yanke, wuta ta yanke, masu bindiga suka fara shiga gidaje suna karɓar motoci. Muka tattara abin da hannu zai ɗauka muka tafi Madani. A can ne labarai suka fara zuwa cewa ana kama mutane a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A ga hoto a wayarka, ko wata waya a kan soronka, sai a ce kai ne kake nuna wa jirage inda za su jefa bam. Wata rana muna cin abinci Husam ya ajiye hannu ya dube ta.

"Wafa'a, ma'aunan nan naki. Masu fitila."

Ba ta ƙarasa cin abincin ba. Ta ɗauki waya ta fara kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta samu, magana ɗaya take gaya masa: a cire, a farfasa, a jefa a masai. Ta yi kwanaki tana wannan, don shabaka, wato sabis ɗin waya, tana zuwa tana tafiya. Yawancinsu ta same su. Wayar Ilyasu kuwa a kashe. Ta Hajaratu ma haka. Maƙwabtan da za ta aika duk sun bar unguwar.

A ƙarshen shekarar yaƙi ya iso Madani, muka sake gudu zuwa Gadarif, muka sauka a gidan wasu danginmu, iyali uku a ɗaki biyu. A can Kawu ya rasu, ciwon sukari ya tashi ba a sami allura ba. Bayan 'yan watanni jami'a ta ce a ci gaba da karatu ta waya. Wafa'a takan hau wani tudu a bayan kasuwa inda shabaka ke kamawa, ta ɗauki darasi da murya, gutsure gutsure, ta tura wa ɗalibanta. Wasu suna Masar, wasu Chadi, wasu a sansanin gudun hijira. Wasu ba sa amsawa, sai daga baya abokansu su faɗi dalili.

Wata rana da hantsi muna wanki ni da ita, kira ya shigo daga lambar da ba ta sani ba. Hannunta da kumfa, sai ta ce in danna in buɗe murya. Hajaratu ce. Ta je wurin wani mai ba da hayar intanet na tauraron ɗan'adam, ta ari wayar wata mata. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ustaza, sun tafi da Ilyasu."

"Su wa, Inna? Yaushe?"

"Masu bindigar da ke riƙe da unguwarmu. An kwana biyu. Jirgi mara matuƙi ne ya bugi motarsu a bayan layinmu. Sai suka hau soron makaranta suna dubawa, suka ga rufinmu kaɗai ne fari a duk unguwar. Suka ce alama ce. Da suka shigo suka ga abin nan naki yana ƙyafta ido a jikin azara."

Wafa'a ta zauna a ƙasa cikin ruwan wanki.

"Na yi ta kiranku, Inna. Wallahi na yi ta kira."

"Sun karɓe wayoyinmu tun daminar bara. Mu kuma mun manta da shi, wa yake ta ɗaga kai sama? Ya ce musu na auna zafi ne, wata malamar jami'a ce ta sa. Suka ce wace malama? A gabana suka fara dukansa. Suka tafi da shi, suka tafi da jakin." Muna jin hayaniyar mutane a bayanta. "Ustaza, ke kika san abin nan. Ki yi musu magana da Larabci irin naku na masu karatu. Ki turo muryar a waya, in kai wa babbansu a shingen bincike ya ji da kunnensa."

Wafa'a ta ce za ta yi. Da yamma ta samu Farfesa Almahdi, wanda ya riga ya koma Alƙahira wajen ɗansa. Ya ce kada ta kuskura. Ya ce mutanen nan ba bayani suke nema ba, in suka ji bincike ne za su tambayi sauran gidajen, ta jefa mutum ashirin a wuta don ta ciro ɗaya. Husam ma ya hana, nasa tsoron daban: sunanta zai shiga bakinsu, ga Rania, ga hanya ba a san inda gobe za a bi ba.

Ta ce da shi, "To me zan ce wa matar nan? In ce Farfesa ya ce a'a?"



Washegari ta hau tudun nan ta ɗauki saƙon da muryarta. Ta faɗi sunanta da aikinta. Ta ce ma'aunin ba ya aika komai ko'ina, ba shi da layi, duk wanda ya san gyaran waya zai iya buɗewa ya gani. Ta ce ita ta kai farar ƙasar, tun kafin yaƙi, don ɗaki ya yi sanyi. Ta ce mutumin nan mai sayar da ruwa ne, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ba ta ambaci wani gida ba. Ta tura wa lambar da aka kira ta da ita.

Amsa ba ta zo da wuri ba, kuma da ta zo ba daga Hajaratu ba ce, daga mai wayar ce. Ta ce sun je tare. Babban ya saurara har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa. Sannan ya ce malamar jami'a ba za ta ƙetare kogi saboda ɗaki ɗaya ba, gida nawa ne? Hajaratu ta ce ba ta sani ba. Ya riƙe wayar, sai da ƙyar aka karɓo. Kwana biyu bayan haka suka bi layin suna shiga ɗakuna suna duba azara. Ba su sami komai ba, amma a wani gida sun ga tabon gam a jikin itace, suka fasa wa mai gidan baki. Ilyasu kuwa ba a sake shi ba, ba a kuma faɗi inda yake ba. Matar ta ce don Allah kada a sake kiran lambarta.

Daga nan Wafa'a ta canza. Ta rubuta wa sashe cewa ba za ta iya koyarwa a wannan zangon ba. Ta daina hawa tudu. Ta rame har zobenta yana zamewa. In Rania ta zo da tambayar makaranta sai ta ce ta je wajen babanta. Wata rana na gaji na ce mata ba ita ta kama shi ba, ba ita ta kawo yaƙi ba.

Ta ce, "Na sani, Iman. Amma ni na hau kujera. Kuma ya tambaye ni a cire, na ce a bari."

Na ce kowa ma haka ya zata.

Ta ce, "Kowa bai sa komai a ɗakin mutane ba."

Ta koma koyarwa a zango na gaba, don ɗalibai sun yi ta aiko da saƙo, wasunsu shekara ɗaya ta rage musu su gama. Amma kwamfutar da aikin dukturarta ke ciki, a ƙasan akwati ta bar ta.

A farkon 2025 faɗa ya fara janyewa daga babban birnin. Aka riƙa buɗe wuraren da aka tsare mutane, hotuna suna yawo a waya: maza kamar ƙashi da fata, zaune a ƙasa an lulluɓe su da barguna. Wafa'a ba ta bar hoto ɗaya ya wuce ta ba. Takan ja fuska ta ƙara girma, ta duba, ta wuce ta gaba. Ba a hoto ta same shi ba. Wani tsohon maƙwabcin shagon Kawu ne ya kira Husam a kan wata magana daban, a ƙarshe ya ce, af, mijin mai shayin nan ya dawo, an kawo shi a bayan mota.

Bayan damina muka koma Khartum. Gidanmu na Alsahafa yana tsaye, amma babu ƙofa babu taga, har wayoyin wuta an zare daga bango. Wafa'a ta je jami'a ta dawo, daga baya na ji cewa ofishinsu ya ƙone, tare da tsofaffin bayanan ruwan sama da sashen ya tara tun kafin a haife mu. A makon nan ta ce in raka ta Umbadda.

Mun sha wuya kafin mu gane layin, don an sare itatuwan da take kwatance da su. Rufin gidan ba fari ba ne yanzu. An yaɓe shi da laka, ana ganin sawun yatsu a jiki. Muka yi sallama. Hajaratu ta fito, ta tsufa ƙwarai. Ta dubi Wafa'a, ta amsa sallamar, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kofi.

Ilyasu yana kwance a kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa. Da ƙyar na yarda shi ne mutumin da ake ba ni labari. Hannunsa na dama ya karye ya ɗore a karkace, kunnensa ɗaya ya mutu. Wafa'a ta durƙusa a gefen da yake ji.

"Baba, ni ce. Sannu. Sannu, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. "Ustaza. Kun dawo? Ina Alhaji, mahaifinki?"

"Allah ya yi masa rasuwa a Gadarif."

"Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki." Ya yi tari. Wafa'a ta fara magana, ta ce ta zo ne ta nemi gafara. Ya ɗaga hannun hagu.

"Sun yi ta tambayata sunanki," in ji shi. "Na ce ban sani ba. Suka ce ƙarya nake, ina ɓoye ki. Ba ɓoyewa nake ba. Ustaza kawai nake ce miki. Da na sani, ina jin da na faɗa."

"Wafa'a ne sunana, Baba."

"Wafa'a," ya maimaita, ya rufe ido kamar ya gaji.

Da za mu tafi Hajaratu ta rako mu bakin ƙofa. Wafa'a ta ce tana son ta riƙa zuwa, ta kai shi asibiti a duba hannun. Hajaratu ta gyara mayafinta.

"Ban ce ke kika yi ba, Ustaza. Alheri kika nufa, na sani. Ni ce ma na kawo ki. Amma in na gan ki, ranar nake gani." Ta dubi cikin gida. "Asibitin kuwa, ki zo. Ba ni da mai kai shi."

Yanzu jami'arsu ta ari wasu azuzuwa a Omdurman, can Wafa'a take koyarwa. Ɗaliban ba su kai rabin na da ba, kuma ta ce fuskokinsu sun girme su. Tana koya musu abin da ta saba, tana zana taswira a allo da hannu tunda babu ta bango. Bazarar bana ta fi ta kowace shekara muni, ga ba wuta, ga ba inuwa. Farfesa Almahdi bai dawo ba. Yakan aiko mata da saƙo cewa abin da ta tara kafin yaƙi ya isa a rubuta, kuma mutane suna bukatar su san maganar farin rufi. Ta ce masa gaskiya ne. Ta ciro kwamfutar daga akwati, na gan ta a kan tebur, amma ban ga ta daɗe a gabanta ba. Wani ɗalibinta ya kawo shawarar ya auna ruwan rijiyoyin unguwarsu saboda kwalara, ta amince, da sharaɗin ba zai bar komai a gidan kowa ba.

Ranar Talata ba ta da darasin safe. Takan ɗauki raksha, babur mai ƙafa uku, ta je Umbadda, ta tsaya a ƙofa, Hajaratu ta fito da Ilyasu ta taimaka masa ya hau, ta koma ciki. A zuwansu na baya likita ya ce hannun ba zai miƙe ba sai an sake karya ƙashin an ɗora. Wafa'a ta faɗa masa da Hausa a kunnen da yake ji. Ya ce a bar shi ya yi tunani tukuna, kuma ya roƙe ta kada ta gaya wa Hajaratu sai ya yanke shawara.